CRP ya hau alhali ana fama da kansar mama, me takardar analiz ke nufi?

Mata da yawa a Yamai in sun karɓo sakamako daga laboratuwar, kafin su ga dokta sun riga sun ɗauki hoton takardar sun tura wa duk wanda ya taɓa aikin likita. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Wai shi CRP ɗin nan mene ne?

Furotin ne da hanta ke fitarwa in akwai kumburi ko ƙwayar cuta a jiki, tun 1930 aka gano shi a Amurka. Akwai kuma VS, awon saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a kwalba, sai abin da ake lissafawa daga NFS, takardar ƙidayar ƙwayoyin jini, wato a raba adadin neutrophiles da na lymphocytes (iri biyu ne na fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki), shi ake kira NLR. Dukkansu abu ɗaya suke faɗi, jiki na faɗa da wani abu, amma ba su faɗin da mene ne.

To me ya haɗa su da kansar mama?

Ƙarin kansa yana tada kumburi a kewayensa, kumburin kuma yana taimaka masa ya yi sabbin jijiyoyin jini ya yaɗu, lymphocytes kuwa su ne masu yaƙarsa. A 2011 wani bincike a Danmak kan mata 2910 ya nuna waɗanda CRP ɗinsu ya hau lokacin da aka gano cutar sun fi shiga hatsari, a 2017 kuma aka tattara bincike 15 aka ga haka ga masu NLR mai yawa, galibi sama da 3. Amma fa wannan lissafin taron mata ne, ba hukunci ba ne a kan mace ɗaya.

CRP ɗina ya hau sosai, kenan ta yaɗu?

A'a 'yar uwa, kwantar da hankalinki. A nan ƙasar tamu abin da ke ɗaga CRP ba ya ƙirguwa, palu kaɗai ta isa ta harba shi sama ta kuma rage plaquettes, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ga taifod, ga ciwon haƙori, ga gyambon aiki in ba a daɗe da yi ba, ƙiba ma na ɗaga shi kaɗan. Matar da aka ɗebi jininta a Tawa tsakiyar damina tana masassara, wallahi lambarta ba za a gwada ta da ta matar Danmak ba. Shi ya sa ni ina ganin dokta da ya ce a maimaita bayan an yi maganin palu, ya san aikinsa.

Me ya kamata in tambaya kenan?

Girman ƙarin, ko ya kai kaluluwar hammata, ko ya taɓa ƙashi, hanta ko huhu, sai sakamakon biyopsi: ER, PR da HER2, wato alamomin da ake dubawa a jikin ƙarin don sanin irinsa. Su ne ke nuna ko maganin tamoxifen zai yi miki aiki ko trastuzumab, da su ake tsara shimiyo da gashin radiyoterafi, wanda aka fara a CNLC, cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, a 2021.

Ina kan shimiyo, wace lamba ce abin tsoro?

Nan kuma saukar neutrophiles ce, don maganin na kashe su, an fi gani kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. In zazzaɓi ya kai 38 a wannan tsakanin kar ki sha paracetamol ki kwanta wai palu ce, a kai ki likita a daren, ki tafi da takardar NFS ɗinki ta ƙarshe.