Waiwaye: Yadda ba'ar magoya bayan White Sox ta tashi daga kan 'yan wasa ta koma kan mai ƙungiya

A daren 24 ga Satumban 2024, ƙungiyar besbol ta Chicago White Sox ta ci wasa a gidanta, magoya bayanta da dama kuma suka yi mata ihu. Kafin wannan dare an doke ta sau 120 a kakar, daidai da abin da New York Mets ta kwasa a 1962, kuma tun daga 1900 babu wadda ta wuce haka. Saura kashi ɗaya ta kafa sabon tarihi, mutane kuwa sun sayi tikiti don a yi a gabansu. Los Angeles Angels na gaba da ci 2 da nema, sai a zagaye na takwas White Sox ta farfaɗo, Andrew Benintendi ya buga ƙwallon da ta kawo ci na uku. Maimakon tafi, filin ya ɗauki kuwwa. A waɗannan wasanni na ƙarshe an ga masu rufe kai da jakar takarda mai huda biyu ta ido, wai kada a gane su, sannan kalma ɗaya ke ta zagaya filin: “Ka sayar da ƙungiyar!”

Kwana uku bayan haka, a Detroit, kashi na 121 ya zo. A besbol kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, ta kirki ma takan sha kashi wajen sau 60, mai rauni kuma takan ci wajen 60. White Sox ta ci 41 kacal. A duk wasa huɗu, uku an doke ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Kudancin Chicago, inda filin ƙungiyar yake, unguwannin ma'aikata ne tun zamanin mayankar dabbobi da masana'antun ƙarafa, kuma mutanen wurin sun daɗe suna jin cewa Cubs, ɗaya ƙungiyar besbol ta arewacin birnin, ita ce 'yar lelen jaridu da baƙi. Ƙungiyarsu ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran besbol na Amurka, a 1917. Daga baya aka zargi 'yan wasanta takwas da karɓar kuɗin 'yan caca don su sayar da World Series ɗin 1919, aka haramta musu besbol har abada. Tun daga 1917 sai da aka yi shekara 88 ba kofi, kafin 2005, lokacin da Ozzie Guillén ya jagorance su suka share Houston Astros wasa huɗu a jere. Jerry Reinsdorf, wanda kuma shi ke da Chicago Bulls ta ƙwallon kwando, ya sayi ƙungiyar tun 1981, don haka daɗin 2005 nasa ne, ɗacin 1997 ma nasa ne. A ƙarshen Yulin 1997, ƙungiyar na dab da Cleveland a tebur, sai aka sayar wa San Francisco masu jifa (masu jefa wa mai sanda ƙwallo) uku daga cikin waɗanda ake taƙama da su. Har yau magoya baya na kiran wannan ciniki da na farar tuta, wato miƙa wuya tun ba a gama yaƙi ba.

Amma tushen fushin yanzu alkawari ne da aka yi a Disamban 2016. An ce wa magoya baya su yi haƙuri, za a rushe a sake gini. Aka ba Boston gwarzon mai jifa Chris Sale, aka karɓo Yoán Moncada da Michael Kopech. Aka ba Washington Adam Eaton, aka karɓo Lucas Giolito da Reynaldo López. A 2017 José Quintana ya tafi Cubs, Eloy Jiménez da Dylan Cease suka zo, sannan aka biya dala miliyan 26 don ɗauko matashi Luis Robert ɗan Kuba. Mutane suka yi haƙurin, har da kakar 2018 da aka doke su sau 100, domin sun yarda gobe tasu ce. Goben ta leƙo a 2021: nasara 93 da ɗaukar rukuninsu. Houston ta fitar da su a zagayen farko na wasannin cin kofi, kuma daga nan har zuwa 2025 ba su sake kaiwa wurin ba.

A waɗannan shekaru ba'ar duk a kan 'yan wasa take, kuma ciwo ne ya fi ba ta abinci. A Maris ɗin 2021, a wasan share fage da ba ya ƙara komai a tebur, Jiménez ya yi tsalle a jikin katanga don kama ƙwallon da ta riga ta wuce, hannunsa ya rataya a saman katangar, jijiyar ƙirjinsa ta yage. Sai ƙarshen Yuli ya dawo. Daga nan ya zama abin zolaya, duk gudun da zai yi sai an ce a tanadi likita. Moncada kuma aka laƙaba masa kasala, wai yana wasa kamar an tilasta shi, a 2024 kuma wasa 12 kawai ya buga saboda rauni. Benintendi, wanda aka ba dala miliyan 75 na shekara biyar, sau 5 kawai ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a 2023, kuma kullum sai an tuna masa albashinsa. Wanda ya fi shan ta shi ne Tim Anderson. A ranar 5 ga Agustan 2023, a Cleveland, gardama ta haɗa shi da José Ramírez na ƙungiyar Cleveland, ya jefar da safar hannunsa ya dunƙule hannu kamar ɗan dambe, Ramírez ya kai masa naushi ɗaya ya zube ƙasa. Bidiyon ya zagaye duniya. Mutumin da ya fi kowa iya bugu a gasar American League a 2019, yanzu da wannan faɗuwar ake tuna shi, kuma ni dai wannan yana ba ni tausayi.

Ranar da yatsa ya fara nuna sama ita ce 9 ga Yunin 2022. Kocin ƙungiyar a lokacin Tony La Russa ne, wanda aka dawo da shi a 2020 yana da shekara 76, bayan ya yi shekara tara bai horar da kowa ba. White Sox ta taɓa korarsa a 1986, Reinsdorf kuma ya sha faɗin cewa yana nadamar wannan kora, don haka kowa ya san hannun wa ya dawo da shi. A wasa da Los Angeles Dodgers, Trea Turner na riƙe da sanda, ya riga ya yi kuskure biyu, na uku zai fitar da shi. Sai La Russa ya ba da umarni a bar shi ya wuce kyauta, a fuskanci na bayansa. Na bayan nasa, Max Muncy, ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga, ci uku a bugu ɗaya. Bayan wasa La Russa ya tsaya kai da fata cewa daidai ya yi. Kwana biyu bayan haka filin ya ɗauka: “A kori Tony!”

Tony ya tafi a ƙarshen kakar saboda rashin lafiya, abin bai gyaru ba. A 2023 aka sha kashi 101. Keynan Middleton, mai jifan da aka sayar wa New York Yankees a tsakiyar kakar, ya fito ya faɗa wa manema labarai cewa babu doka a ƙungiyar, ana ƙin zuwa taro da atisaye ba mai tsawatarwa. A watan Agusta aka kori manyan jami'ai biyu, Kenny Williams da Rick Hahn, amma ba a nemo kowa daga waje ba, sai aka ɗaga Chris Getz, wanda dama shi ke kula da renon matasan da ba su yi abin da aka zata ba. A 2024 aka fara da kashi 22 cikin wasa 25 na farko, aka yi kashi 14 a jere, aka yi 21 a jere, aka kori koci Pedro Grifol. Har masu kula da shafin ƙungiyar na X suka daina rubuta sakamako kai tsaye, sai su ce abokan karawa sun fi mu ci. Zuwa lokacin babu sauran wanda za a ɗora wa laifi sai mutum ɗaya.

A nan nake ganin magoya baya sun yi gaskiya, ko da sun makara. Shekara da shekaru an bar jaki ana dukan taiki. White Sox tana birni na uku mafi girma a Amurka, amma har zuwa 2025 ba ta taɓa ba ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 100 ba, a zamanin da wasu ƙungiyoyi ke ba da ninki uku na haka. Sannan a besbol ba a faɗawa rukunin 'yan dagaji kamar a ƙwallon ƙafa. Ƙungiya ta sha kashi sau 121, baɗi tana nan a babbar gasa, tana karɓar kasonta na kuɗin talabijin. Mai ƙungiya ba shi da abin tsoro sai kujerun da ba kowa da kuma kunyar jin sunansa a bakin jama'a. Wannan ne kaɗai makamin da ya rage wa wanda ya biya kuɗin tikiti, shi ya sa ban ga laifin ihun daren 24 ga Satumba ba, duk da cewa kunnen Benintendi ne ya ji shi.

Abin da ya ƙara wanke 'yan wasan shi ne abin da suka yi bayan sun bar gidan. A wannan kaka ta 2024, Cease ya buga wa San Diego cikakken wasa ba tare da ko mutum ɗaya ya samu bugu mai kyau a kansa ba. Kopech ya tafi Dodgers a Yuli, ya ɗaga kofin World Series a Oktoba. López ya shiga sahun taurarin gasa a Atlanta, Sale kuma a can ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa.

A 2025 ƙungiyar ta ci 60, ta sha kashi 102, shekara ta uku ke nan a jere tana wuce 100. Abin alfaharin kudancin Chicago a shekarar daga Vatican ya zo: Fafaroma Leo na 14 haifaffen birnin ne kuma mai goyon bayan White Sox, har aka tono hotonsa a cikin 'yan kallo a wasan farko na World Series ɗin 2005. A watan Yuni kuma aka sanar da yarjejeniyar da za ta ba attajiri Justin Ishbia damar karɓar ragamar ƙungiyar daga hannun Reinsdorf, wanda aka haifa a 1936. Bisa sharuɗɗanta, hakan ba zai faru ba kafin 2029.