Ruwan sama ba ya kwashe shara

A Njamena ta Chadi da Kuseri ta Kamaru, hadari na haɗuwa sai a fito da kwandon shara a juye cikin kwalbati, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta?

Garuruwan nan a shimfiɗe suke, bakin mahaɗar kogunan Shari da Lagone, ba gangaren kirki. Ruwan kwata tafiyar hawainiya yake yi, leda da yashi su toshe shi tun bai bar unguwa ba. Idan kogi ya cika wajen watan Oktoba, kamar yadda aka gani a 2022, ruwan cikin gari ba ya samun mafita. Sai ya kwanta, ya haɗu da na masai, ya sirara cikin rijiyoyi marasa zurfi. Nan kwalara da taifot ke samun ƙofa, sauro kuma ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Ruwan da ya kai kogi ma ba wanda ya tace shi. Kwalbatin ruwan sama ba matata ba ce. Shari kuwa Tafkin Chadi yake zuba, tafkin da ba shi da hanyar fita zuwa teku, kuma daga can ake kawo mana banda kasuwa.