Mutanen ɓoye na ƙasar Ailan: daga tsoron manoma zuwa kayan ado

Su wane ne waɗannan halittu da Turawa ke kira fairy?

A tatsuniyoyin al'ummun Kelt, wato mutanen Ailan da Sikotilan da Wales, wasu halittu ne da ke zaune kusa da bil'adama ba tare da ana ganinsu ba. A harshen Ailan ana ce musu aos sí, ma'ana mutanen tuddai, domin an yi imani cewa a ƙarƙashin tuddai gidajensu suke. Tsofaffin littattafan ƙasar sun danganta su da wata al'umma mai suna Tuatha Dé Danann, wadda aka ce ta mallaki tsibirin har wasu baƙi suka ci ta da yaƙi, sai aka raba ƙasar: baƙi suka ɗauki doron ƙasa, su kuwa suka shige ƙarƙashinta. Manoma ba sa son ambaton sunansu kai tsaye, sai su ce "mutanen kirki", kamar dai yadda Bahaushe kan sakaya ya ce mutanen ɓoye.

Mutanen kirki ne da gaske?

Sunan lallashi ne, kuma tsoro ne ya haife shi. Ana zarginsu da ɗauke albarkar madarar shanu, da ɓatar da matafiyi a cikin gonar da ya sani tun yana yaro, da kuma sace jariri su bar wani abu mai kama da shi a shimfiɗarsa. Saboda haka akan ajiye musu ɗan nono a bakin ƙofa, a kuma rataye ƙarfe kusa da jariri, don an ce ba sa ƙaunar ƙarfe. Ana ƙara taka-tsantsan a daren 1 ga Mayu da na ƙarshen Oktoba, lokutan da aka ce suna yawo.

Wannan imani ya taɓa cin rai. A watan Maris na 1895, a yankin Tipperary, wata tela mai shekara 26 mai suna Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya, sai mijinta Michael ya dage cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce, musanya ce aka bar masa. Ya ƙone ta a gidansu a gaban dangi, sannan ya riƙa zuwa wani tsohon kango da dare yana jiran matarsa ta gaskiya ta fito a kan farin doki. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20.

Har yanzu akwai masu kiyaye wurarensu?

Akwai, ko da yake yawancinsu za su ce maka ba su yarda da irin wannan ba. Ƙasar cike take da dubban zagayayyun ganuwoyi na ƙasa, waɗanda masu binciken tarihi suka tabbatar gidajen manoma ne na fiye da shekara 1,000 da suka wuce, amma manomi yakan kewaye su da garma ya bar su da ciyawarsu, don ana ɗaukarsu wuraren mutanen ɓoye ne. A 1999, lokacin da ake gina babbar hanya a Latoon cikin yankin Clare, wani mai tattara tatsuniyoyi, Eddie Lenihan, ya yi kashedi kan sare wata bishiya mai ƙaya da ya ce matattararsu ce, kuma aka bar ta tsaye a gefen hanya. A ganina, wannan tsoro ya kare kayan tarihi da dama da doka kaɗai ba za ta iya karewa ba.

To daga ina 'yar mitsitsiyar yarinya mai fukafukai ta fito?

Daga hannun marubuta da masu zane na Ingila, musamman a ƙarni na 19. Na tatsuniya sau da yawa tsayinsu kamar na mutum ne, kuma ba a siffanta su da fukafukai. Siffar littattafan yara ta kama zukata sosai, har a 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila suka yanka hotunan irin waɗannan masu fukafukai daga takarda, suka kafe su da fil, suka ɗauki hoto da su, marubuci Arthur Conan Doyle ya gaskata ya wallafa a 1920. Sai a 1983 suka amsa cewa wasa ne. Marubutan ƙagaggun labarai na yanzu da dama sun koma ga tsohuwar siffa mai haɗari, inda cin abincin mutanen ɓoye ke hana mutum komawa gida.

Masu sana'ar hannu fa, wace siffa suka ɗauka?

Ta littattafan yara, domin ita ce ke shiga kasuwa. Suna sassaƙa 'yan ƙofofin katako da ba su wuce tafin hannu ba, su yi musu fenti da ɗan mariƙi, a jingina a gindin bishiya ko a bangon ɗakin yaro, wasu kuma suna ɗinka 'yan tsana da ulu da fukafukan waya. Iyaye a Ailan suna sayen waɗannan ƙofofi don yara su gayyato mai fukafukai cikin ɗaki, a ƙasar da kakanninsu ke rataye ƙarfe a kan gadon jariri don kada ta shigo.