Mayar da tankin murjani ya zama na dokin teku: tambayoyi da amsoshi

Tankina na murjani ya zauna daidai, ruwan garau. Ba zan iya sayo dokin teku in saka kawai ba?

A'a. An shirya tankin murjani ne don murjani: haske mai ƙarfi, ruwa mai gudu, ɗumi wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, da abinci kaɗan don kada ruwa ya ɓaci. Dokin teku kuwa, ɗan kifin nan mai kai irin na doki da wutsiya mai naɗewa, kusan kishiyar wannan yake so. Ba shi da haƙori, ba shi da tumbi, abinci na ratsa hanjinsa da sauri, don haka sai ya ci sau biyu ko uku a rana. Iyonsa da ɗan fiffiken bayansa yake yi, a hankali. Kuma duk abin da wutsiyarsa ta taɓa sai ya naɗe ta a jiki, ko abin zai cutar da shi ko ba zai cutar ba. Shi ya sa yawancin aikin da ke gabanka na cirewa ne, ba na ƙarawa ba.

To me zan fara cirewa?

Duk mai harbi. Anemoni, halittar ruwan nan mai kama da fure mai gashin harbi, ya fita, ko wane iri ne, domin babbansa na iya kama dokin teku ya cinye. Sai murjani masu dogayen gashin harbi irin su Euphyllia, Galaxea da Catalaphyllia, da Millepora da ake kira murjanin wuta. Ƙaton kifin ɓawo na Tridacna ma a ba wani, don yana iya rufe baki a kan wutsiya. Kada ka manta da Aiptasia, ƙananan anemonin nan da ke tsirowa a kan dutse ba gayyata. A tankin murjani ɓacin rai kawai suke jawowa, a nan kuwa haɗari ne.

Abin da zai iya zama: murjani masu laushi kamar Sarcophyton da Sinularia, da Zoanthus, da Xenia, da gorgoniya masu rassa waɗanda ke rayuwa da haske. Gorgoniya ta fi komai dacewa, don rassanta daidai suke da kamun wutsiya. Ka ƙara ciyawar teku irin Gracilaria ko Caulerpa: ga wurin maƙalewa, ga shanye dattin ruwa. Acropora da danginsa ba sa harbi sosai, amma da wuya su jure ruwan da ake zuba wa abinci sau uku a rana, kuma doki zai riƙa goge musu jiki da wutsiya. Ni dai shawarata a sallame su tun da wuri.

Me ya sa ake nanata batun rage ɗumin ruwa? Ai kifin ƙasashe masu zafi ne.

Gaskiya ne a teku suna zama cikin ruwan da ya fi haka ɗumi. Amma teku ba akwati ba ne. A cikin tanki, ƙwayar cuta ta Vibrio tana hayayyafa da sauri idan ruwa ya yi ɗumi kuma ga ragowar abinci, ita ce kuma ke haddasa ruɓewar wutsiya da ta baki da gyambo a fata. Dokin teku ba shi da ƙarfin jure ta kamar sauran kifaye. Saboda haka masu kiwo suka tsaya a kan digiri 22 zuwa 24 ga jinsin ruwan ɗumi. Digiri biyu kacal ne bambancin, amma sau da yawa shi ne tsakanin doki mai lafiya da wanda kullum ake jinya.

Ka sauke ɗumin a hankali cikin kwanaki, kada murjanin da ka bari su firgita. Idan ɗakin na da zafi, sai an nemi na'urar sanyaya ruwa. Hita kuma ko dai a mai da ita tankin tace ruwa na ƙasa, ko a sa mata kariya, domin doki zai naɗe ta ya ƙone. Dokin teku jinsin Hippocampus abdominalis na tekun Ostireliya da Niyuzilan ruwan sanyi yake so, ƙasa da digiri 20, ba ya cikin wannan lissafi sam.

An ce ruwan ya zama kwance, ba motsi. Haka ne?

Tsohon zance ne. Ruwa kwance yana tara datti. Abin da ake so shi ne motsi matsakaici da wurare masu lafawa inda doki zai huta. Ka rage ƙarfin famfunan, ka rufe bakinsu da raga ko soso don kada su zuƙi wutsiya.

Girman tanki fa?

Wajen lita 115 ga mace da namiji na manyan jinsi, tsayi kuma aƙalla santimita 45. Tsayin na da dalili: lokacin barbara su biyun suna tashi sama tare, a can ne macen ke zuba ƙwai a jakar namiji, shi ne kuma zai ɗauki cikin.

Waɗanne kifaye zan iya bari ko ƙarawa?

Ka auna kowane kifi da tambaya ɗaya: in an zuba abinci, wa zai riga? Dokin teku sai ya ƙura wa ƙwayar abinci ido, ya matso, ya daidaita dogon bakinsa, sannan ya zuƙe. Kafin ya gama wannan shawara, kifi mai kuzari ya share kwanon. Yunwa ta fi cizo kashe dawakan teku a tankin haɗaka.

Masu dacewa su ne masu sanyin hali: ƙananan gobi kamar Gobiodon da Elacatinus, da Nemateleotris magnifica mai jan wutsiya, da kadinal na tsibiran Banggai a Indonesiya, da kifin Opistognathus mai haƙa rami a yashi. Kifin mandarin ma lafiya lau suke zama, in dai tankin na da ƙananan halittun da yake tsinta a kan dutse, sai dai shi da doki za su riƙa rububinsu.

Waɗanda za su fita su ne masu kuzari ko faɗa: tang, damsel, tiriga, kifi mai kumbura, da yawancin ras da enjel. Amphiprion, ɗan ruwan lemon nan mai zama cikin anemoni, shi ne mutane suka fi jin zafin rabuwa da shi. Yana ƙarami ba ruwansa, in ya girma sai ya kama yanki ya riƙa kora, ga saurin ci.

Katantanwa irin Nassarius, Trochus da Cerithium alheri ne, musamman ta farko mai fitowa daga yashi ta kwashe ragowar abinci. Jatan lande Lysmata wurdemanni yana cin Aiptasia. Manyan ƙaguwa da koren tauraron teku Ophiarachna incrassata, mai farautar kifi da dare, su tafi.

Duwatsu da yashin tsohon tanki za su yi amfani?

Za su yi, su ne ma babbar ribarka, tunda ƙwayoyin da ke narkar da amoniya, gubar da kashin kifi da ragowar abinci ke haifarwa, sun riga sun zauna a cikinsu. Amma ka haska tocila da dare ka ga abin da ke fitowa daga ramuka, ka cire duk mai cutarwa. Idan an taɓa yin cutar farin ɗigo a tankin, ka bar shi ba kifi ko ɗaya har kwana 76, kamar yadda masu kiwo suka saba, don ƙwayar ta mutu. Duk sabon kifi kuma a killace shi mako huɗu zuwa shida a wani tanki daban.

Wane doki zan nema?

Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ba kamun teku ba. Tun 2004 cinikin dukkan jinsin Hippocampus, wato dawakan teku, tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ban da wannan, kamun teku kan zo da cuta, kuma sau da yawa ya ƙi cin komai sai mai rai. Hippocampus erectus ya fi sauƙi ga mai farawa, sai H. reidi. Ka tsaya a jinsi ɗaya daga wuri ɗaya, domin cutar da wannan ya saba da ita tana iya kayar da wancan. Kafin ka karɓa, ka ce a ba shi daskararren jatan lande na maisis a gabanka ka ga ya ci.

Ciyarwa sau uku ba za ta ɓata ruwa ba?

Za ta ɓata in aka watsa abincin barkatai. Ka sa ɗan kwano ko ɓawo kusa da wurin maƙalewa, ka narkar da maisis ka wanke, ka zuba da bututu. Cikin 'yan kwanaki za su gane wurin, har ka tarar da su sun jeru suna jira. Bayan rabin awa ka zuƙe abin da ya rage, ka riƙa sauya wani kaso na ruwan kowane mako, amoniya ta tsaya a sifili, naitiret (nitrate, abin da amoniya ke komawa a ƙarshe) kuma ƙasa da miligiram 20 a kowace lita.