Mene ne GFCF, kuma me ya sa yaron da aka ɗora a kai ba ya ƙoshi?

Iyayen da likita ya tabbatar musu ɗansu na da galahanga, wadda a asibiti ake kira autism, ba sa daɗewa wani bai ba su shawarar gwada GFCF ba. Haruffan huɗu na Turanci ne, kuma suna nufin abincin da aka cire masa abu biyu: gulutin da kasin. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Kasin kuwa shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin nonon saniya.

A gidajenmu, cire gulutin na nufin yaro ya yi sallama da burodi, gurasa, taliya, indomi, fanke, cincin, alkaki, funkaso, biskit da tuwon semo, har da ɗanwake idan an haɗa garinsa da fulawa. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba ruwansu, don haka tuwo da koko da kunu suna nan. Kasin ne mai wuyar kaucewa: nono, kindirmo, yogot, cuku, madarar gari da ta gwangwani duk sun tafi. Madarar da aka rubuta cewa ba ta da laktos ma ba ta tsira ba, domin sukarin kawai aka cire, kasin ɗin yana ciki.

Tunanin ya samo tushe ne a 1979, lokacin da masanin ƙwaƙwalwa Jaak Panksepp ya yi hasashen cewa galahanga na da alaƙa da yawan wasu sinadarai masu aiki kamar ofiyom a jiki. Daga baya Kalle Reichelt na ƙasar Norway ya ce gutsattsarin alkama da madara da ba su narke sosai ba ne ke ratsa hanji su isa ƙwaƙwalwa. Magana ce mai daɗin ji, amma gwaji bai mara mata baya ba. A Jami'ar Rochester ta Amurka, Dakta Susan Hyman da abokan aikinta sun ɗora yara 14 a kan tsarin, sannan suka riƙa ba su ɗan abin taɓawa, wani da gulutin ko kasin a ɓoye, wani babu, daga iyayen har masu binciken ba wanda ya san wanne ne wanne. Ba a ga bambanci ba a halayyarsu, ko barcinsu, ko bayan gidansu. Yaran kaɗan ne, gaskiya, amma tun 2013 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta ce kada a yi amfani da irin wannan tsari a matsayin maganin galahanga.

Ciwon cikin dai ba ƙarya ba ne. Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2014 ya nuna yara masu galahanga sun ninka sauran yara kusan sau huɗu wajen fama da matsalar ciki, musamman taurin bayan gida da zawo. Shi ya sa ba na ganin laifin uwar da ta rungumi GFCF. Abin da ake mantawa shi ne yaron tun asali mai zaɓen abinci ne. Wani ba ya cin komai sai fari mai laushi, wani da ya ga ɗigon miya a gefen faranti ya ture shi. Idan abincin da ya yarda da shi biyar ne, uku daga ciki burodi da shayin madara da indomi, aka kwashe su rana ɗaya, me ya rage? Farar shinkafa da koko. Su kuma ba sa daɗewa a ciki, mai da furotin ɗinsu kaɗan ne. Sai ka ga ɗan shekara biyu ya gama ci yanzu, kafin a wanke kwano ya kamo hannun mamarsa yana ja zuwa kicin. A ce ya zama acici, alhali yunwa ce ta gaske.

Ba duk neman abinci ne yunwa ba kuma. Yaron da bai iya magana ba, idan ƙwannafi na ƙona masa ƙirji, yakan nemi abin haɗiya don ya ɗan ji sauƙi. Wasu ba sa gane saƙon ƙoshi daga jikinsu, wasu taunar ce ke kwantar musu da hankali. Magani irin risperidone, da ake ba wasu yaran da suka ɗan tasa, sananne ne wajen buɗe ciki.

Akwai wani tarko da ke ruɗa iyaye. Kashi kan taru ya daskare a hanji, sai mai ruwa ya riƙa zurarowa ta gefensa yana ɓata wando. Uwa ta ɗauka zawo ne, ta ƙara cire wani abincin, alhali taurin ciki ne ya kai maƙura. Yawan lemon kwali ma na sa ƙananan yara zawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙashi. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 na buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, wajen miligiram 700 a rana, kuma madara ce hanya mafi sauƙi. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yaran Najeriya, ba rashin rana ba. Cire nono a irin wannan wuri ba tare da madadi ba ganganci ne.

Akwai yaran da dole a cire musu: mai cutar siliyak, wadda gulutin ke lalata wa mai ita hanji, kuma take kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, da wanda jikinsa ke bore wa furotin ɗin madara. Amma gwajin siliyak sai yaro na cin alkama yake nunawa, don haka a fara zuwa asibiti kafin a taɓa farantinsa. Idan kuwa yawan cin ya zo da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ciwon suga ake tsoro, kada a kwana. Mai cin ƙasa ko gawayi a auna jininsa, a duba tsutsar ciki. Idan likita ya amince a gwada, a cire abu ɗaya tak na 'yan makonni, a riƙa rubuta abin da ya ci da yadda bayan gidansa ya fito, a kuma riƙa ɗora shi a sikeli.