Tauraron Ɗan'adam Ba Ya Gadin Gaɓar Teku Dare da Rana

An daɗe ana zaton cewa idan mahaukaciyar guguwa ta turo ruwan teku kan tudu, tauraron ɗan'adam yana auna tashin ruwan kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Alal misali, Jason-3, wani tauraron ɗan'adam da aka harba a 2016, yana auna tsayin teku da na'urar rada (mai aika saƙo ƙasa ta kuma karɓi dawowarsa) a kan siririn layin da ke ƙarƙashinsa kaɗai, kuma a tsarin zagayensa na farko sai bayan kusan kwana 10 yake komowa wuri ɗaya, alhali tumbatsar takan kai ƙololuwa cikin 'yan sa'o'i. Kusa da gaɓa ma, tudu yakan dagula saƙon da ke dawo masa. Shi ya sa har yau ake dogara da ma'aunan ruwa na tashoshin jiragen ruwa, tare da radar bakin teku mai auna gudun ruwa da inda ya dosa.