Waiwaye: Wa Ke da Siffar Kalangu?

A ƙauyukan Kano da Jigawa, massassaƙin da ke fafe kangon kalangu sau da yawa shi ne mai sassaƙa turmi da akushi da ƙotar fartanya. Makaɗi ya karɓi kangon, ya rufe bakunan biyu da fatar ɗan akuya mai laushi, ya ja tsarkiya, ya shanya a rana har murya ta fito. Idan wani massassaƙi ya gano wata 'yar dabara a faɗin ƙugun kango da ke ƙara zaƙin sauti, kafin kasuwar Wudil ko ta Maigatari ta ci sau uku maƙwabtansa sun ɗauka. Ba a kai ƙara gun dagaci. Iyaka a ce, "Ai hannun wane ne, amma wannan bai kai nasa ba."

Ba wai al'adarmu ba ta da shinge ba ne. Shingen nata yana kan wanda zai kaɗa da wanda za a kaɗa wa. Tarihin Kano ya jingina shigowar kakaki ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau ba a busa shi sai don sarauta. Tambari ma na fada ne. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta. Sirrin ƙira kuwa gado ne ke tsare shi, ɗa ya koya a gindin uba. Siffar abin kiɗa ba ta taɓa zama dukiyar mutum ɗaya ba.

A Turai aka fara ƙoƙarin sa mata kwaɗo da takarda. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ya zauna a Paris, ya yi wa saksofon, wani abin busa na ƙarfe, rajistar ƙirƙira a 1846. Abokan sana'arsa suka yi masa ca, wasu suna kwaikwayo, wasu suna musun cewa shi ya fara. Ya ƙare ƙarfinsa a kotuna, ya karye har sau uku, kariyar kuma ta ƙare a 1866, kowa ya shiga ƙerawa. Irin wannan rajista dama aro ce ta ɗan lokaci.

Wata rigimar da ta daɗe ita ce ta jita mai lantarki a Amurka. A 1977 kamfanin Gibson ya yi ƙarar masu shigo da jitar Ibanez ta Japan saboda siffar kan wuyanta, aka sasanta a wajen kotu. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe nasarar da Gibson ya samu a kan kamfanin PRS, bisa hujjar cewa mai saye ba ya ruɗewa a lokacin da yake biyan kuɗi, ya san ƙirar wa ya ɗauka. Kamfanin Fender kuwa ya nemi a yi wa siffar jikin jitocinsa Stratocaster da Telecaster rajista a matsayin alamar kasuwanci, aka hana shi a 2009, domin shekara da shekaru ya zura ido wasu na yin irinta har ta zama ta kowa. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta ƙi amince wa Gibson da siffar jitarsa Flying V a matsayin alamar kasuwanci a kan kayan kiɗa. Kamfanoni masu tulin lauyoyi ke nan, kuma abin da ya fi tsaya musu a hannu shi ne suna da alamar da ke jikin kaya.

A Najeriya, dokar ƙirƙira da zanen masana'antu ta 1970 tana ba sabuwar ƙirƙira shekara 20, zane kuma shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Sharaɗinta shi ne abin ya zama sabo, jama'a ba su riga sun gan shi ba kafin a nemi rajista. A nan take barin mutumin ƙauye a baya. Kalangu da goge da kukuma sun girmi dokar da nisa, wanda ya zo da sabon gyara kuma kasuwa yake fara kai shi, ba ofishin rajista na Abuja ba. Ranar da ya baje shi a rumfa, ranar sabuntarsa ta tafi. Ƙugun kalangu ma aiki yake yi, shi ke ba tsarkiya wurin matsuwa a hammata, dokar zane kuwa ba ta kare siffar da aiki kaɗai ya haifar.

Dokar haƙƙin mallaka da aka kafa a 1988, wadda sabuwar ta 2022 ta maye gurbinta, ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, har da sassaƙa da ƙira. Sai dai ikon ba da izini yana hannun hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, ba hannun gidan da ya gaji sana'ar ba, kuma dokar ba ta tsallake iyaka. Jembe, wata gangar hannu ta Mali da Gini, yanzu ana sassaƙa shi da yawa a Indonesiya, kamfanin Remo na Amurka kuma yana sayar da ganga mai ƙugu irin ta Afirka ta Yamma da fatar roba. Wannan yana ci mini rai, domin waɗanda suka raini abin ba su da ko ambato a cinikin.

Ban ga amfanin hana maƙwabci kwaikwayon maƙwabci ba, da haka sana'ar ta rayu. Abin da ya cancanci tsaro shi ne suna da asali. Indiya ta yi dokar alamar yanki a 1999, kuma a ƙarƙashinta aka yi wa veena, wani abin kiɗa mai tsarkiya na garin Thanjavur, rajista, ta yadda kowa zai iya ƙera irinta amma ba zai kira ta da sunan garin ba. Dokar alamun kasuwanci ta Najeriya ta 1965 ta yarda da alamar shaidar inganci. Massassaƙa da masu haɗa goge na ƙaramar hukuma ɗaya suna iya haɗa ƙungiya, su nemi alama guda, kowa ya riƙa ƙona ta a jikin kango kusa da tasa lambar. Kuɗin rajista da na lauya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma wannan ɗawainiya ce da hukumomin raya al'adu na Kano da Jigawa ya kamata su ɗauka.